Tirjiyar Adar, daga fagen Galma zuwa tsaunukan Keita

A ƙasar Hausa ana rainon yaro a kan biyayya: ya durƙusa ya gai da na gaba, ya sassauta murya, ya yi haƙuri. Wanda ya kauce wa haka sai a kira shi mai taurin kai, a tuna masa cewa in ya ƙi ji ba ya ƙi gani ba. Amma al'ummar nan dai ita ce ke yi wa wasu kirari saboda sun ƙi rusunawa. Ma'aunin da ake raba su da shi guda ne: me mutum ya tsaya karewa? Mai taurin kai girman kansa yake tsaro, shi kuwa mai tirjiya gona yake karewa, ko rijiya, ko mutuncin jama'a.

A watan Afrilu na 1899, ayarin sojan Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine ya iso Lugu a ƙasar Arewa yana ƙone garuruwa. Sarauniya Mangu ta ƙi miƙa wuya, ta tare su da maharbanta. A watan Mayu ayarin ya faɗa wa Birnin Ƙonni ya yi kisan gilla. A 1901 kuma Abzinawan Kel Geres suka fuskanci Faransawa a Zangebe, sannan a Galma kusa da Madawa, da takubba da masu a gaban bindigogi. An ci su da yaƙi, amma har yau ba a kiran abin da suka yi wauta, domin ƙasa da ƴanci ake neman ƙwace musu.

Tirjiyar da ta fi shafar mutanen Garhanga da ke ƙasar Adar a yau ba da takobi aka yi ta ba. Fari ya auka wa Adar a shekarun 1970, ya dawo a 1984 da yunwar da ake kira El-Buhari, lokacin da Najeriya ta rufe iyakarta. Tuddai suka zama ƙeƙasasshen fako, ruwan sama na kwararowa daga tsaunuka yana yanka ƙoramu, yana kwashe ƙasar noma. Maza da yawa suka tafi cin rani. A 1984 ɗin ne aka buɗe aikin raya karkara na Keita, da kuɗin ƙasar Italiya da jagorancin hukumar FAO, ana biyan ma'aikata da abinci. Galibin masu aikin mata ne. Su suka ɗauki duwatsu a ka suka jera su don tare ruwa, suka haƙa ramuka a jikin tsauni, suka dasa itatuwa. Zuwa 2002 an farfaɗo da eka dubbai masu yawa, an dasa itatuwa wajen miliyan 18. Tun 1975 ma, a kwarin Majiya cikin gundumar Buza, manoma da ƙungiyar CARE sun fara jera dogon yaro layi-layi don karya ƙarfin iskar da ke binne shukar hatsi.

Kuɗin na baƙi ne, amma zaman na ƴan gari ne. Da sun kwashe kayansu sun bar ƙasar, da babu tallafin da zai tsayar da dutse ɗaya. Wannan shi ne ƙin rusunawa na gaskiya, wanda babu ihu ko cika baki a cikinsa.

Saura kula da abin da aka gina. Shingen dutse yana rushewa, madatsar ruwa tana cikewa da yashi, itace yana ƙarewa in gatari ya fi dashe yawa. Ya kamata magadan gari, hakimai da matasan Garhanga, Keita da Buza su mai da gyaran waɗannan ayyuka aikin gayya na kowane rani, kafin ruwan farko ya sauka, ba tare da jiran wani sabon tallafi ba.