Takardar zafi

Takardar zafi wata irin takarda ce mai santsi da ake buga rasit a kanta ba tare da tawada ba. Ita ce ke fitowa daga na'urar POS, da ATM, da injin lissafin kuɗi na kantuna da gidajen mai. Ana sayar da ita a naɗe, galibi mai faɗin milimita 57 ko 80.

Yadda take aiki

Ana shafe fuska ɗaya ta takardar da wani rini marar launi haɗe da sinadari mai ɗan tsami. Kan na'urar bugawa yana da jerin ƙananan ɗigo-ɗigo da lantarki ke zafafawa. Duk inda zafin ya taɓa, sinadaran biyu sai su narke su haɗu, wurin ya yi baƙi. Shi ya sa idan aka karce ta da farce da sauri takan bar layi. Kamfanonin NCR da 3M na Amurka suna cikin waɗanda suka fara ƙera ta, kuma an daɗe ana amfani da ita a na'urar faks.

Dalilin da kantuna suka fi son ta

Na'urarta ba ta buƙatar tawada, don haka takarda kaɗai mai kanti zai riƙa saya. Tana bugawa da sauri ba ƙara, sassanta masu motsi kaɗan ne, ba ta yawan lalacewa. Ƙanƙantarta da ƙarancin cin wuta su suka sa ake iya saka ta cikin POS mai batir. Yawancin rasit kuma amfaninsa na ɗan lokaci ne.

Dalilin koɗewar rubutu

Haɗuwar sinadaran ba ta dindindin ba ce. Hasken rana, danshi, maiƙo, sanitaiza, salatif da wasu nau'o'in leda suna raba su, rinin ya koma marar launi. Zafi mai yawa kuwa yakan baƙanta takardar gaba ɗaya, kamar idan aka yi mata laminatin. Wannan kan jawo asara ga mai neman garanti ko shaidar tura kuɗi. Saboda haka ake ba da shawarar a ɗauki hoton rasit mai muhimmanci, ko a yi fotokwafinsa.

Lafiya

Sinadarin da aka daɗe ana sakawa shi ne BPA, wanda ke iya shiga ta fata ya shafi aikin homon a jiki. Tarayyar Turai ta taƙaita shi a wannan takarda tun daga Janairun 2020.