Tasirin Nau'in Fitila ga Ƙarkon Cikon Haƙori

A asibitocin haƙori na Hayyus Sabi' da ke Alƙahira, kamar ko'ina, farin ciko ba ya taurara sai an haska shi. Sinadarin kamforkinon da ke cikinsa shuɗin haske yake amsawa, mai zangon nanomita 468. Fitilar halojin tana ba da zango mai faɗi, kimanin 400 zuwa 500, sai dai ƙarfinta yana raguwa idan ƙwanta ya tsufa. LED mai zango ɗaya ta dace da kamforkinon, amma takan gaza kan cikon da ke ɗauke da TPO, wanda ke buƙatar zango ƙasa da 420. Cikon da bai taurara har gindi ba yakan zaizaye da wuri, gefensa ya buɗe, ruɓa ta dawo.