Lalle, Itacen Da Ba Ya Tsoron Fari

Manoma da yawa suna ɗaukar lalle abin mata ne, ba su sa shi cikin lissafin gona. Amma shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri, gero ya bushe a tsaye, lalle yana nan da ransa, domin saiwarsa tana nitsewa cikin ƙasa ƙwarai. Kasuwarsa kuwa ba ta mutuwa muddin ana aure ana salla.

Lalle yana son rana da ƙasa mai yashi-yashi. Inda ruwa ke kwanciya saiwarsa ruɓewa take yi.

Ana shuka shi ta hanya biyu. In da iri ne, sai a jiƙa shi kwana 3 zuwa 7, ana sake ruwan kullum, gama ɓawonsa da tauri. Sa'an nan a yafa shi a fangali, a riƙa ban ruwa har ya isa dashe. Hanyar da ta fi sauƙi ita ce a yanko reshen da ya nuna, mai kaurin fensir, tsawon inci 9, a kafa rabinsa cikin ƙasa da farkon damina. A gona a bar ƙafa 2 tsakaninsu. In shinge ake so, ƙafa 1 ta isa.

Ranin farko shi ne mawuyaci. A ba shi ruwa sau ɗaya a mako, a kare shi daga awaki. Taki sai wanda ya ruɓe, domin ɗanyen taki gara yake jawowa.

Kada a bar shi ya yi tsawo. Lallen da aka sake yakan zama itace, ya yi ƙaya, ganye ya ragu. Daga shekara ta biyu, da kaka, a sare shi saura inci 6 daga ƙasa, zai tofo da sababbin rassa, su ne kuwa masu ganyen da ya fi kamu. A bar gindi biyu ko uku su yi furen nan fari mai ƙanshi, don a sami iri.

Wurin shanya nan ne ake hasara. A shanya a inuwa, bisa tabarma, ana juyawa. Rana tana ƙone launin, fatake kuwa koren ganye suke nema. Kada a gauraya shi da yashi ko wani ganye. Wanda aka kama sau ɗaya ba a sake sayen nasa.

Wanda ya dasa bana, ya kula, zai fi shekara 10 yana yanka, in Allah ya yarda.