Dokar Tana Abuja, Dagwalon Yana Challawa

Daga Wakilinmu na Arewa

Duk mutumin Kano da ke neman abinci a Agege ko Sabon Badun, in ya taɓa bi ta Sharaɗa ko Challawa da rani, ba sai an kwatanta masa warin ba. Ruwan da ke fitowa daga ma'aikatun jima wani lokaci baƙi ne, wani lokaci shuɗi-shuɗi. Na Sharaɗa ya bi rafin Salanta ya faɗa kogin Challawa, na Bompai kuwa ya bi Getsi ya haɗu da Jakara har madatsar Wasai. A gefen waɗannan rafuka ne masu lambu ke shayar da latas da alayyafo da karas.

Doka dai akwai ta. A 1988, bayan an gano dubban gangunan guba da aka kawo daga Italiya aka jibge a garin Koko, Gwamnatin Tarayya ta kafa hukumar FEPA. A 2007 aka kafa NESREA mai hedkwata a Abuja, a 2009 kuma aka fitar da ƙa'idodi na musamman ga masaƙu da ma'aikatun fata. Duk maganarsu ɗaya ce, watau kowace ma'aikata ta tsabtace ruwanta kafin ta sake shi.

To, da me za a tsabtace shi? Nan ne ake ambatar tantanin roba. Mai karatu ya san shi ko da bai taɓa ganinsa ba, domin da irinsa ne waɗansu masu ruwan leda ke tace ruwansu. Wani siririn shafi ne da ake naɗewa kamar tabarma cikin bututu, famfo ya turo ruwa da ƙarfi, ruwan ya ratsa, gishiri da datti su tsaya a baya. Wajen 1960 ne waɗansu masana biyu, Loeb da Sourirajan, suka ƙera na farko mai amfani a wata jami'a a Kalifoniya ta Amurka. A ma'aikatar jima yana iya tare yawancin gishirin kurom, wanda da shi ake jeme fata, har a sake amfani da shi.

Sai dai ruwan rijiyar burtsatse daban, dagwalon ma'aikata daban. Majema na zamani sukan yi amfani da kananzir da danginsa don cire maiƙo daga fatar tumaki, sa'an nan wurin shafa wa fata ƙyalli akwai tina irin ta masu fenti. Aikin waɗannan ruwaye shi ne narkar da abu, tantanin kuwa roba ne. Wanda ya taɓa zuba fetur a farar robar nan mai kumfa da ake kare rediyo da ita cikin kwali ya ga abin da ake nufi. Tantanin kan kumbura, ƙofofinsa su buɗe, dattin da aka sa shi ya tare ya wuce abinsa, mai ma'aikata kuwa yana zaton aiki na tafiya.

Masana sun samo wata roba da ake kira foliyimaid, wadda in an ɗaure zarurrukanta da juna takan jure. A 1998 wata matatar mai a Beaumont ta jihar Teksas ta fara amfani da irinta don ƙwato ruwan narkarwa daga man injin. Amma kuɗinta ba na wasa ba ne, daga waje ake sayo ta, kuma famfon yana bukatar wutar da ba ta yankewa. Wanda ya zauna a Kano ya san inda wannan magana ta nufa. Har ila yau, in ba a fara tsame gashi da kitse da tsoka a tankuna ba, tantanin toshewa zai yi nan da nan.

Abin da masu tallar injin ba su cika faɗa ba shi ne, tantani ba ya kashe guba, ware ta kawai yake yi. Ruwa mai kyau ya fita ta nan, kakkauran dagwalo ya taru ta can, wanda ya fi na farko ƙarfi nesa ba kusa ba. In aka kwashe shi da dare aka zubar a kwata, an koma gidan jiya.

Ita ma Abuja kada ta saki jiki. Matatar Wupa da aka buɗe a 2007, kusa da unguwar ma'aikatu ta Idu, don ƙazantar gidaje aka gina ta, kuma ƙananan halittun da ido ba ya gani ne ke cinye dattin a cikinta. Tina da kananzir in sun yi yawa kashe su suke yi. Saboda haka duk ma'aikatar fenti ko magani da za ta haɗa bututunta da magudanar birnin, a kan jami'an NESREA ne su shiga cikin harabarta su ɗebi ruwan a bakin bututu, su kuma tambayi inda ake kai dagwalon da ya rage.