FASHIN BAƘI: Yadda ake rubuta tarihin ɗan siyasa ba kirari ba zambo, da misali daga Jihar Kebbi

Harafi ɗaya ne ya raba sunan Bagudo da sunan Bagudu. Bagudo Ƙaramar Hukuma ce a Jihar Kebbi, kan iyakar Najeriya da Jamhuriyar Benin, mai mazaɓu irin su Sharabi/Kwanguwai da Lolo/Giris da Kaoje/Gwamba. Bagudu kuwa sunan Abubakar Atiku Bagudu ne, tsohon gwamnan jihar, wanda aka rantsar a matsayin Ministan Kasafi da Tsare-tsaren Tattalin Arziki a watan Agustan 2023. Wanda bai san jihar ba zai iya ɗauka cewa mazaɓar Bagudo ce ya wakilta lokacin da yake sanata. Ba haka ba ne. Kebbi ta Tsakiya ya wakilta, wadda ta haɗa da Birnin Kebbi da Gwandu da Jega da Aliero, ita kuwa Bagudo tana cikin Kebbi ta Arewa tare da Argungu da Suru da Dandi. Mutumin Sharabi bai taɓa jefa masa ƙuri'ar sanata ba, sai ta gwamna.

Ƙaramin kuskure ne, amma da irinsa ake gane marubucin da ya duba takarda da wanda ya kwafi abin da wani ya kwafa. Tarihin ɗan siyasa kuwa ya fi kowane rubutu saurin yaɗuwa. Da zarar an buga shi a jarida ko an sa shi a Wikipedia, daga nan mai gabatarwa a wurin taro zai ɗauka, ɗalibi ya ɗauka, wata jaridar ta ɗauka ranar da aka ba mutumin sabon muƙami. Bayan 'yan shekaru sai kuskuren ya sami majiyoyi biyar, alhali duk daga rijiya ɗaya aka ɗebo su.

Abubuwan da ake ganin ba su da gardama su ne suka fi zamewa. An ƙirƙiro Jihar Kebbi ranar 27 ga Agusta, 1991, daga tsohuwar Jihar Sakkwato. Saboda haka duk wanda aka haifa a yankin a 1961, shekarar da tarihin Bagudu ya nuna an haife shi, a Lardin Sakkwato na Jihar Arewa aka haife shi, kuma daidai shi ne a ce "a yankin da yanzu yake Jihar Kebbi". Haka jami'ar da ke Sakkwato: an kafa ta a 1975 da sunan Jami'ar Sakkwato, sai a 1988 ta koma Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Wanda ya gama kafin wannan shekara, tsohon suna ne a kan takardarsa, kuma mai bincike da bai san haka ba zai iya zargin jabu inda babu jabu.

Shekarun mulki ma suna da nasu tarkon. Ana rubuta cewa Usman Sa'idu Nasamu Ɗakingari ya yi gwamnan Kebbi daga 2007 zuwa 2015, kamar bai taɓa sauka ba. A watan Fabrairun 2012 Kotun Ƙoli ta soke zaɓensa na 2011, Kakakin Majalisar Jiha ya riƙe jihar na wucin gadi, sannan ya sake cin zaɓe a ƙarshen watan Maris. Makonni kaɗan ne, amma hukuncin kotu ne, kuma tarihin da ya tsallake shi ya ɓoye wa mai karatu wani abu. Shi ma Bagudu ba a babban zaɓen 2007 ya shiga Majalisar Dattawa ba. Zaɓen cike gurbi ya ci a 2009 a ƙarƙashin PDP, bayan Adamu Aliero ya bar kujerar ya zama Ministan Abuja. Ya sake ci a 2011, ya koma APC, ya zama gwamna a 2015, aka sake zaɓensa a 2019, sannan a 2023 ya nemi komawa majalisar amma Aliero ya kayar da shi. Takardar da ofishin ɗan siyasa ya rubuta ba kasafai take ambaton faɗuwa zaɓe ba.

Inda aikin yake da nauyi

Babban gwajin duk mai rubuta tarihin Bagudu shi ne batun kuɗaɗen da aka fitar daga Najeriya zamanin Janar Sani Abacha, wanda ya mulki ƙasar daga Nuwamban 1993 zuwa rasuwarsa ranar 8 ga Yuni, 1998. Masoya sukan share batun gaba ɗaya, su cika shafi da labarin shinkafa: shirin bai wa manoma rance da Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar a Birnin Kebbi a Nuwamban 2015, da shinkafar Lake Rice ta haɗin gwiwa da Jihar Legas. Abokan hamayya kuwa sukan taƙaita mutumin a kalma ɗaya ta zagi. Duka biyun sun gaza, kuma gazawar ba ta da dalili, domin takardun suna nan a fili.

Ga abin da takardun kotun Amurka suka ƙunsa. A watan Mayun 2003 an kama Bagudu a birnin Houston na Jihar Texas, bisa buƙatar hukumomin tsibirin Jersey, waɗanda suke so a miƙa musu shi. Ya yi kimanin wata shida a tsare. Daga baya aka sasanta, ya amince a mayar wa Najeriya fiye da dala miliyan 163, Jersey ta janye buƙatarta, ya dawo gida. Ba a kai ga yi masa shari'a a Jersey ba. A ƙarshen 2013 Ma'aikatar Shari'a ta Amurka ta shigar da ƙarar neman ƙwace kadarori, wadda aka bayyana a watan Maris na 2014, inda ta yi zargin cewa Abacha da ɗansa Mohammed da Bagudu da wasu sun karkatar da kuɗin gwamnati, suka bi da su ta bankunan Amurka. Lauyoyin Bagudu kuwa matsayinsu shi ne dukiyar da ke cikin asusun amanar iyalinsa halattacciya ce, kuma suna kafa hujja da yarjejeniyar da aka ƙulla da gwamnatin Olusegun Obasanjo a 2003.

Kowace kalma a sakin layin da ya gabata tana da aikinta. Kamu daban, tuhuma daban, hukunci daban. Ƙarar ta Amurka a kan dukiya aka shigar da ita, wato kotu ake roƙo ta ce kuɗin nan na haram ne a ƙwace su, ba a ɗaure wani mutum ba. Wanda ya rubuta cewa kotun Amurka ta same shi da laifi ya faɗi abin da ƙarar ba ta nema ba. Wanda kuma ya rubuta cewa an wanke shi ya yi irin wannan kuskuren ta ɗaya gefen, domin sasantawa ba wankewa ba ce, kuma mayar da dala miliyan 163 ba abin da marubuci zai wuce ba ne kamar bai gani ba. Hausar jarida tana da wata lalura a nan: "an zarge shi" da "an tuhume shi" da "an gurfanar da shi" sukan fito a labari ɗaya kamar ma'anarsu ɗaya. Zargi kowa yana iya yi a bakin kasuwa. Tuhuma sai mai gabatar da ƙara. Gurfanarwa kuwa sai an tsaya gaban alƙali.

Alƙaluman ma sukan cakuɗe. A Maris na 2014 Amurka ta ce ta daskarar da fiye da dala miliyan 458. A Agustan shekarar kotu ta ba da umarnin ƙwace fiye da miliyan 480. A Fabrairun 2020 Najeriya da Amurka da Jersey suka sa hannu kan mayar da fiye da dala miliyan 308, amma abin da ya iso a watan Mayu ya haura miliyan 311 saboda kuɗin ruwa da ya taru. An keɓe su domin hanyar Legas zuwa Ibadan, da ta Abuja zuwa Kano, da gada ta biyu a kan Kogin Neja. Waɗannan kuɗi daga asusun wani kamfani mai suna Doraville suka fito, kuma daban suke da asusun amanar da ake dangantawa da iyalin Bagudu. Haɗa alƙaluman wuri guda a jingina wa mutum ɗaya ƙarya ce, ko da kowane adadi a karan kansa gaskiya ne.

Akwai kuma inda majiyoyi suka saɓa. A Fabrairun 2020 kafar Bloomberg ta ruwaito, bisa takardun kotu, cewa Amurka tana adawa da wata yarjejeniya ta 2018 wadda za ta sa kimanin dala miliyan 100 su koma hannun Bagudu. Ofishin Antoni Janar na lokacin, Abubakar Malami, wanda shi ma ɗan Kebbi ne, ya musanta cewa akwai shirin biyan kowa. A Oktoban 2021 binciken Pandora Papers ya sake fito da batun asusun amanar da aka kafa ta hannun kamfanin Asiaciti na Singafo. A irin wannan hali marubuci ba alƙali ba ne. Abin da ke kansa shi ne ya ce wane ya faɗi kaza ranar kaza bisa takarda kaza, wane ya musanta, ya bar jimlolin biyu kusa da juna. Rashin son kai ba ya nufin a raba shafi biyu daidai wa daida. Takardar da aka shigar gaban kotu ta fi sanarwar mai magana da yawu nauyi, kuma ya kamata mai karatu ya san wacce ce wacce.

Wani abin da ake mantawa shi ne sashe na 308 na Kundin Tsarin Mulkin 1999, wanda ya ba gwamna mai ci rigar kariya daga shari'a. Idan aka rubuta cewa ba a gurfanar da wani gwamna ba a tsawon shekara takwas na mulkinsa, gaskiya aka faɗa, amma ba ta tabbatar da komai ba, tun da doka ce ta hana.

Abin da ɗan takara ya faɗa da bakinsa

Shekarun haihuwa da takardun makaranta sun sha kayar da manya. A 1999 mujallar TheNews ta bankaɗo cewa Kakakin Majalisar Wakilai, Salisu Buhari daga Kano, ya ƙara wa kansa shekaru, kuma bai yi digiri a Jami'ar Toronto ba kamar yadda ya ce. Ya sauka a watan Yuli, kotu ta hukunta shi, daga baya aka yi masa afuwa. Ranar 13 ga Fabrairu, 2020, ana gobe rantsarwa, Kotun Ƙoli ta soke nasarar David Lyon a Bayelsa saboda saɓanin sunaye a takardun mataimakinsa. Shi ya sa fom ɗin EC9, wanda ɗan takara yake cikewa da rantsuwa kuma INEC take liƙawa a mazaɓarsa, yake da daraja wajen mai bincike. Sai dai fom ɗin shaida ce ta abin da mutum ya rantse a kai kawai. Tabbatarwa tana wurin makarantar ko hukumar jarrabawar, kuma Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba hukumar gwamnati kwana bakwai ta amsa wanda ya nema a rubuce.

A yankin iyaka irin na Bagudo akwai ƙarin makami, wato asali. Dangi ɗaya suna zaune ɓangarorin biyu na layin da Ingila da Faransa suka shata, ana auratayya, ana cin kasuwa ɗaya ta Lolo da Tsamiya, saboda haka cewa "wane ɗan Benin ne" ba ta da wuyar faɗa lokacin zaɓe. Sashe na 25 na kundin ya duba iyaye da kakanni wajen zama ɗan ƙasa ta haihuwa, bai dubi harshen da mutum yake yi ko garin da danginsa suke ba. Arewa ta taɓa ganin inda wannan magana take kaiwa. A Janairun 1980 gwamnatin tarayya ta kori Shugaba Abdurrahman Darman, jagoran masu rinjaye a Majalisar Jihar Borno, zuwa Chadi bisa cewa ba ɗan Najeriya ba ne. Kotu ta ce korar haramtacciya ce, ya dawo.

Tarihin mai rai kuma ba ya ƙarewa ranar da aka buga shi. A 2018 jaridar Premium Times ta bayyana cewa takardar yafe hidimar ƙasa da Ministar Kuɗi Kemi Adeosun ta gabatar ba ta gaskiya ba ce, ta yi murabus a watan Satumba, tana mai cewa ba ta san jabu ba ce. A Yulin 2021 Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta yanke cewa tun farko ba dole ba ne ta yi hidimar. Hukuncin bai taɓa batun ingancin takardar ba. Tarihin da ya tsaya a 2018 ya rage mata wani abu, wanda kuma ya fara daga 2021 ya ce an wanke ta ya ƙara mata abin da kotu ba ta ba ta ba.