Tsagar Bango da Tsagar Aljihu

Babu gidan da ba shi da abin da ke jiran gyara. Ga ƙyauren da ake tokarewa da turmi, ga bokitin da aka toshe da tsumma, ga keken da facinsa ya fi ƙarfin ƙirga. Mai gida ba ya son ganinsu haka, amma in ya shafa aljihu sai ya ce bari ya taɓa da kansa. Wani lokaci a dace, wani lokaci kuwa a yi gyaran gangar Auzinawa, abin ya fi dā lalacewa.

A ƙasar Ajingi da Gaya wahalar tana da tushe guda. Yawancinmu manoma ne, kuɗi yakan shigo hannunmu da kaka. Ɓarna kuwa da damina take zuwa, musamman a watan Agusta, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, taki ya cinye ɗan abin da aka ajiye, ga kuɗin makarantar yara yana tafe. Gyaran da aka yi a irin wannan lokaci na gaggawa ne, shi ya sa ba ya daɗewa.

Tsada ta ƙara wa abin nauyi. Da aka janye tallafin man fetur ran 29 ga Mayu 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000. Buhun siminti mai kilo 50 ya haura naira 10,000 a wurare da yawa a farkon 2024. Mutumin Toranke ko Balare da ke neman wani ɗan ƙarfe da babu shi a kusa, sai ya bi ta Gaya da Wudil har Kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano. Sau da yawa kuɗin mota ya fi kuɗin abin da aka je saye. In kuwa ya dawo ya tarar ba daidai girmansa ba ne, to, takaici ya zama biyu. Don haka wanda zai je sayen kayan gyara ya riƙa tafiya da tsohon a aljihunsa, a gwada a gabansa.

SIMINTI A KAN ƘASA

Asarar da ta fi yawa a gidajenmu ita ce shafe bangon ƙasa da siminti. Mutum ya matsa wa kansa ya sayi buhu biyu, ya shafe, gida ya yi kyau kamar na birni. Bayan damina ɗaya ko biyu sai a ƙwanƙwasa a ji wurin yana ƙara kamar ganga. Dalili shi ne siminti ba ya kama ƙasa sosai. Rana tana buɗa shi, sanyi yana tsuke shi, har ya tsage. Ruwa ya shiga ta tsagar, ya rasa hanyar fita, ya zauna yana cin bango daga ciki, mai gida bai sani ba.

Kakanninmu da ƙasa suke gyaran ƙasa. Sukan kwaɓa ta da yankakkiyar ciyawa da kashin dabbobi, su bar ta ta kwana biyu tana tsima, su sake tattakawa, kana su yi yaɓe. Masu hali sukan bi da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, don ruwa ya riƙa zamewa. Wannan aiki ba ya cin kuɗi, ƙarfi da lokaci yake ci, amma sai an maimaita shi a kai a kai.

Wanda yake da halin buhu ɗaya tak, gara ya kai shi inda zai yi amfani: bakin indararo, da wurin da ruwan indararo yake zuba, da magudanar bayan gida. Buhu ɗaya kwanon sarki biyu ne. A auna yashi mai tsabta kamar kwano huɗu ko biyar a kan kowane kwano ɗaya na siminti, a kuma riƙa yayyafa wa aikin ruwa har mako guda. Ragowar siminti kada a ajiye shi a ƙasa, gama danshi zai mai da shi dutse.

YOYON KWANO

Masu ɗakin kwano su ma suna da nasu. A hau a liƙa kwalta inda ake zato, ruwa ya sauko a ga yana ɗiga a wani wuri dabam. Ruwa yakan bi katako ya yi tafiya kafin ya ɗiga, saboda haka ramin yakan kasance sama da inda aka ga ɗigon. Da rana tsaka a rufe ƙofa da taga a duba sama, duk inda haske ya ɓullo nan ne ƙofar ruwa. Ƙusa kuma a kan tudun kwano ake buga ta, ba cikin kwarin da ruwa yake bi ba. Mai hawa ya taka inda jerin ƙusoshi yake, gama nan ne katako yake a ƙarƙashi.

INDA HANNU ZAI TSAYA

Akwai gyaran da rowa a cikinsa takan ci rai. A watan Agusta na 2022 ruwan sama ya rushe ɗaruruwan gidaje a ƙaramar hukumar Ajingi, har aka yi asarar rayuka. Bango ba ya faɗuwa sai ya yi gargaɗi. In tsaga tana ƙara faɗi, ko bango ya yi ciki, ko gindinsa ya jiƙe yana marmashewa, ko azara ta lanƙwasa saboda gara, wannan ya wuce yaɓe. A fitar da yara da tsofaffi daga ɗakin a ranar, ko da za a kwana a zauren maƙwabci, a kira magini.

Haka nan wayar lantarki. Haɗa waya a naɗe da leda gobara ce ake kiwo a cikin ɗaki. Birkin babur da yasar rijiya su ma na masu sana'arsu ne. Kuɗin bakanike, kome yawansa, bai kai na asibiti ba.

SHAWARA GA MAI GIDA DA UWARGIDA

Da fari, a yi wa ɓarna alama tun da damina. Uwargida ita ta san inda take ajiye kwano yana tarar ruwa. Ta ɗauki gawayi ta zana wurin, don in rani ya yi ba mai tunawa.

Na biyu, ranar da aka kai amfanin gona gida a ware na gyara, ko da 'yan tiyoyin wake ne ko gyaɗa, kada a taɓa su. A yi aikin cikin rani, a gama kafin watan Mayu, sa'ad da ƙasa take bushewa da kyau, mutane kuma ba su shiga gona ba.

Na uku, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Gida huɗu ko biyar za su iya haɗa kuɗi su sayi tsani da zarto da guduma da cokalin gini, a ajiye wurin mutum ɗaya mai riƙon amana, a rubuta sunan wanda ya ɗauka. Wannan zai rage ɓacin ran da aron kaya yake kawowa tsakanin maƙwabta. Yaɓe kuma a yi shi da gayya, yau gidan wannan, gobe gidan wancan. A tuna da gwauraye da tsofaffin da ba su da mai hau musu soro.

Na huɗu, in an kira gwani kada a tafi hira. Mai gida da 'ya'yansa su zama leburorinsa. Kuɗin lebura ya ragu, yara kuma sun ga yadda ake yi, baɗi su ne za su yi rabin aikin.

'Yan'uwa, sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Yau da la'asar ka zaga gidanka ciki da waje, kai da uwargida, ku duba gindin kowane bango da bakin kowane indararo. Abin da kuka gani ku raba shi uku: na hannunku, na gayya, da na gwani. Ku fara da ɗakin da yara suke kwana.