Yadda Masu Hoto Ke Kama Gudun Doki A Hawan Sallar Kontagora

Kontagora gari ne da aka kafa bisa bayan doki. Umaru Nagwamatse, jikan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, shi ya kafa shi a cikin shekarar 1864, kuma da mahaya dawaki ya shimfiɗa mulkinsa a wannan yanki. Turawa sun ci garin a 1901, yaƙi ya ƙare, amma doki bai rasa darajarsa ba. Har gobe idan Salla ta zo, Sarkin Sudan yakan hau, hakimai da dogarai su rufa masa baya, algaita na tashi, samari kuma su saki linzami su kai jahi.

A wannan rana ce masu sana'ar ɗaukar hoto na garin suke sa ran ciniki. Sai dai sana'ar ta shiga wani hali, domin kuwa yau kusan kowane ɗan kallo yana riƙe da wayar da ke ɗaukar hoto. Mutumin da ya saba biyan kuɗi a ɗauke shi, yanzu ƙanensa zai ɗauke shi kyauta. Hausawa sun ce in kiɗa ya sake, rawa ma sai ta sake. Tilas mai hoto ya zo da abin da ɗan kallo ba zai iya ba, kuma ɗaya daga cikin irin waɗannan dabaru ita ce nuna gudu a cikin hoton da ba ya motsi.

Abin mamaki shi ne, magabatan wannan sana'a sun sha wahala ne wajen tsayar da gudu. A 1878 wani Bature mai suna Eadweard Muybridge ya jera kyamarori 12 a Palo Alto ta ƙasar Amurka, ya ɗauki doki yana sukuwa, ya tabbatar wa duniya cewa akwai lokacin da kofatansa huɗu duka suke barin ƙasa. Da aka ƙware a wannan, sai aka lura cewa dokin da aka tsayar cak a hoto yakan zama tamkar gunki. Ernst Haas, ɗan asalin Ostiriya, yana cikin waɗanda suka juya al'amarin. Hotunan wasan bijimai da ya ɗauka a ƙasar Sifen, waɗanda mujallar Life ta buga a 1957, da gangan ya bar su suka yi dishi-dishi, amma mai kallo yakan ji kamar bijimin zai faɗo masa. Bayan shekara biyu, watau a 1959, kamfanin Voigtländer na Jamus ya fito da gilashin Zoomar, wanda ke kusanto da abu ko ya nisanta shi ba tare da mai hoto ya gusa ba. Shi ne ake kira zum.

Ga yadda dabarar take. A cikin kowace kyamara akwai marufi wanda ke buɗewa haske ya shiga, sa'an nan ya rufe. Dokin da ke gudun kilomita 40 a awa yana cin kimanin mita 11 a daƙiƙa ɗaya. In marufin ya ƙifta cikin kashi ɗaya bisa 1,000 na daƙiƙa, dokin bai gusa fiye da ɗan yatsa ba, sai ya fito a daskare. In kuwa aka jinkirta shi zuwa kashi ɗaya bisa 15, dokin ya ci fiye da kamu guda, sai motsinsa ya bar zane a hoton.

To, a cikin wannan ɗan lokaci da marufin yake buɗe, mai hoto zai murɗa gilashin zum a hankali. Duk abin da ke gefe sai ya ja layi yana fita waje kamar hasken rana da hantsi, abin da ke tsakiya kuwa ya tsaya kusan yadda yake, domin tsakiyar hoto ba ta gusawa in ana murɗa gilashi. Saboda haka ne gwanaye suke saita fuskar mahayi a tsakiya sosai. Jajayen rigunan dogarai, da adon sirdi, da fararen rawuna, su ne za su zama zaren launi kewaye da shi. Ya kamata a fara murɗawa kafin a danna, a ci gaba har bayan marufi ya rufe, don kada hannu ya yi tuntuɓe. Wannan dabara ta fi dacewa da dokin da ya nufo mutum gaba da gaba. Wanda ke giftawa kuwa, bin sa ake yi da kyamara daidai da gudunsa.

Babbar matsala a ƙasarmu ita ce rana. Da tsakar rana, ko an matse ƙofar haske zuwa f/22 an kuma rage ISO zuwa 100, marufi ba zai jinkirta fiye da wajen kashi ɗaya bisa 50 ba, in ba haka ba hoton ya wanke fari fat. Maganin wannan shi ne a ɗaura wa gilashin baƙin tabarau da ake kira ND8, wanda ke rage haske ninki takwas, ko kuwa a jira hawan la'asar. Idan duhu ya fara shiga, filasha takan taimaka, domin walƙiyarta tana kama fuskar mahayi tsaf, layukan kuma suna nan.

Akwai kuma haɗari. Mai duban doki ta cikin gilashin zum yakan kasa gane nisansa, ga shi kuma doki ba ya da birki sai linzami. Lalle ne mai hoto ya tsaya inda dogarai suka yarda, ya kuma sa wani ya tsare masa gefe.

A zamanin fim mai ɗaukar hoto 36, kowane gwaji kuɗi ne, ba a kuma ganin sakamako sai an wanke. Kyamarar yau tana nuna hoto nan take, mutum ya gwada sau ɗari bai yi hasarar kwabo ba. Amma duk da haka a yi hattara. Hoton hawa tarihi ne, kuma mahayin da ya kashe dukiya ya yi wa dokinsa ado yana son jikokinsa su gane fuskarsa. Sarkin Sudan Sa'idu Namaska ya yi sarauta daga 1974 har rasuwarsa a 2021, kuma a hoto ne 'yan baya za su ga yadda hawan zamaninsa ya kasance. Don haka mai hoto ya fara ɗaukar bayyanannen hoto tukuna ya ajiye, sa'an nan ya murɗa gilashinsa.